Hoton Inna a Bayan Zayyana

Na san abin da ake faɗa a kaina a gidajen danginmu, tun daga nan unguwar Birik ta Yawunde har Duwala. Ana cewa ni, Isiyaku mai kadar, na ƙone hoton mahaifiyata guda ɗaya tilo da aka taɓa yi a duniya, shi ya sa ƙanena Sale ya bar Yawunde bai ƙara taka gidanmu ba. Kun ji wannan magana tun kuna yara, kuma a cikinku ba wanda ya taɓa tambayata, sai dai in na juya baya ku bi ni da ido. To ga amsa ko ba a tambaya ba. Ban ƙone shi ba. Amma kada ku yi saurin yin hamdala, domin abin da na aikata bai fi ƙonewar kyau ba, kuma ni na bar ƙaryar ta yi ta yawo shekara da shekaru saboda ta fi gaskiyar rufa mini asiri.

Kakanku Malam Garba kafinta ne. A unguwar nan aka haife shi, kuma a zauren gidanmu ya yi sana'arsa har ƙarfinsa ya ƙare: allon karatu, akwatin kaya, benci, kujerar tsugune ta mata. Kadar kuwa, wato katakon nan huɗu da ake kewaye hoto da shi a rataye a bango, wanda 'yan Najeriya ke ce wa firam, ni na shigo da shi shagon. A zamanin shugaban ƙasa na farko ba ofis ba kanti, ko'ina sai an rataye hotonsa, ga kuma masu zane na wajen unguwannin Messa da Mokolo da ke zana kasuwa da daji suna sayar wa Turawa, kowa yana neman mai yi masa kadar. Baba ya daɗe yana juya maganar kafin ya yarda, kuma da ya yarda sai ya gindaya sharaɗi guda.

"Mu katako muke yi," in ji shi. "Abin da mutum zai sa a ciki, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma surar mai rai ba za ta tsallake bakin zauren nan ba, ko ta wane ne."

Saboda haka a shagonmu ba a kawo hoto, zare ake kawowa. Mai aiki zai auna hotonsa a gida, ya ƙulla ƙulli ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ya kawo mini zaren. Ni kuma in zaɓi katako, ko sapeli mai ja ko ayus fari mai taushi, wanda ya sha watanni a rumfa, domin danshin Yawunde ba ya yafe wa ɗanyen katako, kafin a jima sai ka ga kusurwa ta buɗe baki. In yanke kusurwoyi huɗu, in fere tsagin baya inda gilashi zai kwanta, in haɗa da gam, in goge, in shafa barni, wato man katako, har ya yi ƙyalli. Daga nan sai in saɓa shi a kafaɗa in je can inda hoton yake, in sa gilashi, in sa hoton, in danne da siririn falle na katako, in buga ƙananan ƙusoshi, sannan in liƙe bayan duka da takardar buhun siminti saboda danshi da kyankyaso. Abin da na rufe, sai an yage takarda ake ganin cikinsa. Ina alfahari da wannan rufi ƙwarai, Allah ya yafe mini.

Baffanku Sale kuwa Allah ya ba shi hannun zane. Tun ana dukansa a kan gawayi da bango har aka gaji. Da ya girma sai ya kama zana allunan shagon aski, kawunan nan na maza da ake jerawa kowane da irin gyaran gashinsa. Baba bai kore shi da baki ba, amma ya daina ɗaga kai in ya gaishe shi. Sale ya gane, ya kwashe 'yan kayansa ya kama ɗaki a unguwar Nkomkana. Inna ce kawai ba ta sake shi ba. Kullum sai ta ware masa tuwo, in an yi mata magana ta ce ita ciki ɗaya ta haife mu, ba ta san na gida da na waje ba.

A shekarar da jirgin ƙasa ya fara kaiwa Ngaundere, farkon damina, Inna ta kwanta kwana huɗu ta cika. Ba ta bar hoto ba. Ko katin shaida ba ta taɓa yi ba, don ba ta zuwa inda ɗan sanda zai tambaye ta. Gidan ya yi mana faɗi. Baba ya daina hira, ya koma zama a zaure da carbi yana kallon ruwan sama, in an kawo abinci ya ci loma biyu ya ture.

Bayan sadakar arba'in da kwana kaɗan, da hantsi, Baba ya tafi jana'izar wani, sai ga Sale ya shigo da abu a naɗe cikin rigarsa. Ya leƙa ko'ina, ya kira ni cikin gida, ya warware. Ƙyallen buhun fulawa ne, ya shafe shi da fenti ya yi zane a kai. Uwarku Asabe tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta gani. Sai ta saki rariya, ta ja mayafi ta rufe kai, ta durƙusa kamar yadda take yi wa surukarta da rai, kafin ta tuna ta fashe da kuka. Ni ma sai na zauna a kan turmi.

"Yaya," in ji Sale, "tun ranar da aka rufe ta nake yinsa, don kada fuskar ta gudu mini. Ka yi mata kadar da gilashi. Ɗakina yoyo yake, wata biyu ba za ta yi ba ta ruɓe."

Na ce, "Kai mahaukaci ne? Ka san inda ka shigo da shi?"

"Na sani. Gidanta na kawo ta. Ba na so ta zauna a ɗakin haya inda 'yan giya ke kwana a maƙwabta. Ka yi wa Baba magana, kai yana jin taka. Ko a ƙuryar ɗaki ce a rataye ta, ko a rufe da zane, in dai a nan ne."

Na ce masa ya bar mini, zan nemi lokacin da ya dace. Ya kama hannuna biyu ya riƙe, abin da bai taɓa yi ba, ya tafi yana share ido da hula.

Ban nemi lokaci ba. Ku sani ni mutum ne mai tsoron ubansa, har na yi furfura ban taɓa musa masa ba, kuma in faɗi gaskiya ina jin daɗin zama ɗan kirki a gidan da aka riga aka samu ɗan banza. Kwana uku ƙyallen yana ƙarƙashin katifa ina kasa buɗe baki, ga danshi yana neman kama shi. Ana nan sai dabara ta zo mini, irin dabarar da sai kafinta za ta zo wa. Akwai wata zayyana da wani malami abokin Baba ya rubuta masa, babbar takarda mai ayoyi da ado ja da kore da ruwan ɗorawa, Baba ya daɗe yana cewa in yi mata kadar. Na gwada, sai na ga girmansu ɗaya da ƙyallen Sale, bambancin bai kai yatsa ba. Na zaɓi sapeli mafi kyau a rumfa, na zauna masa mako guda, na sassaƙa masa adon igiya a gefe, na shafa barni sau uku. Na sa gilashi, na sa zayyanar, na shimfiɗa farar takarda, na kwantar da hoton Inna a bayanta, na danne, na buga ƙusa, na liƙe. Na rataye shi a zaure, daidai saman buzun da Baba ke zama.

Na ce wa kaina ai na cika alkawari: ga ta a gidanta, ga ta a bushe, ba ran wanda ya ɓaci. Uwarku kaɗai ta sani, kuma ba ta yaba ba.

"Malam," ta ce, "ka ɓoye mace a bayan aya, a kan mijinta, ba shi ya sani ba, ba ɗanta ya sani ba. Ni dai gabana faɗuwa yake."

Na ce mata ta tsaya ga tukunyarta. Duk sa'ad da Sale ya tare ni a hanya ya tambaya, sai in ce tana wuri mai kyau, ya ƙara haƙuri, Baba bai gama jimami ba tukuna. Haka muka ci wata uku.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, Alhaji Bobbo ya sauka a gidanmu. Bafulatani ne dillalin shanu daga Ngaundere, abokin Baba tun suna samari, ya shigo sabon jirgin nan ya zo ta'aziyya da bai samu yi ba a kan lokaci, kuma a ranar zai koma. Aka shimfiɗa masa, aka kawo fura, suka yi addu'a. A ranar na fara jin Baba ya yi dariya tun rasuwar Inna. Ina gefe ina goge wani katako, sai Alhaji ya ɗaga kai ya ƙura wa bango ido.

"Kai, Garba! Wannan aiki boɗɗum, ya yi kyau. Wa ya yi wannan katako?"

"Ɗanka ne, Isiyaku," in ji Baba.

"Masha Allah. Wallahi duk Ngaundere ban ga irinsa ba, ko gidan manya."

Nan take na san abin da zai biyo baya. Ku 'yan yanzu baƙo zai yaba agogonku ku ce mun gode, shi ke nan. A wurin su Baba ba haka ba ne. Babban baƙo ya yaba abu a ɗakinka, to abin ya tashi daga naka, in ka bar shi ya tafi hannu wofi ka zubar da girmanka.

"Ai ya zama naka," in ji Baba. "Isiyaku, sauko da shi ka naɗe."

Alhaji ya ƙi, Baba ya nace, ya sake ƙi, Baba ya rantse. Ni kuwa na hau benci. Da na sauko da shi sai na yi ƙoƙari ɗaya, ɗan ƙarami, wanda har yau nake jin kunyar ƙanƙantarsa.

"Baba, bari in shiga da shi ciki in sake masa takardar baya, ta tsufa."

Baba ya juya kadar ɗin ya shafa bayan da tafin hannu. "Aikin wata uku ne ya tsufa? Ko tsaga babu. Naɗe, kada jirgi ya tafi ya bar shi."

Magana ɗaya ta rage a duniya a lokacin: Baba, hoton Inna yana ciki. Na auna ta a raina yadda nake auna katako. Na ga fuskar Baba a gaban amininsa, an ce ɗansa na kirki ya shigo da sura gidansa, ya manna ta a bayan ayoyi, ya rataye masa a ka yana salla a ƙarƙashinta. Na ga kaina na koma sahun Sale. Sai na haɗiye maganar, na ɗauko buhu da igiya, na naɗe shi naɗi mai kyau, har na sa masa tsumma a kusurwoyi don kada ya bugu. Da na shiga cikin gida ɗauko hula, uwarku tana tsaye a bayan ƙofa, ta ji komai.

"Ka faɗa, Malam. Don Allah ka faɗa tun ba su tashi ba."

Na wuce ta. Ni na rungume shi a cinya a cikin tasi har tasha, Baba yana gaba, Alhaji yana gefena yana ba ni labarin farashin shanu. Ni kuma na miƙa masa shi ta tagar jirgi. Ya sa mini albarka da Fulatanci da Hausa, na ce amin.

Ran Juma'ar da ta biyo, da safe, ina bayan gida ina ƙone tarkacen shago a rabin durom kamar yadda nake yi kowane mako, sai ga Sale. Ya ce ya gaji da jira, in ba shi kayansa, ya samu ɗaki mai rufin kirki.

Na ce, "Ba ya nan."

"Kamar yaya ba ya nan? Ina yake?"

Na ci gaba da tura wuta da sanda. Ya dube ni, ya dubi durom ɗin, inda wani tsumman barni ke ci. Na ga lokacin da tunanin ya shige shi, kuma ina da damar tare shi.

"Yaya, ƙone ta ka yi?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ya tsaya ya daɗe, bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ai da ka ba ni na tafi da ita," ya juya ya fita ta ƙofar baya.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama Birik. Wani abin takaici, yabona aka shiga yi. Dattawa suna tsayar da ni a ƙofar masallaci suna cewa Isiyaku ya yi abin da ya dace, ya tsare gidan ubansa. Ni kuma ina ba su hannu ina sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. Uwarku ce ta ci gaba da kai wa Sale tuwo a madadin Inna. Ta dawo wata rana ta ce ɗakinsa cike yake da ƙyallaye a jingine, kowane da fuskar mace, amma ba ko ɗaya da za ka ce Inna ce. Ya ce mata da ya rufe ido yana ganinta, da ya ɗauki buroshi sai ta watse. Kafin damina ta ƙare ya tafi Duwala ya kama zanen jikin manyan motoci. Sau biyu na bi shi can a shekarun baya, sau biyu ya karɓe ni kamar baƙon da bai sani ba, ni kuma bakina ya ƙi buɗuwa. A can ya rasu yana ɗauka na ƙone.

Kada ku ce ban nema ba, na nema, sai dai a makare. Bayan tafiyar Sale na yi wa Baba ƙaryar zan je duba wani aiki, na hau jirgi har Ngaundere, da sabon kadar a hannu wai zan yi wa Alhaji musanya. Na tarar da bangon zaurensa wayam. Ya yi dariya ya ce ai wani malami surukinsa ya sauka a wurinsa, shi ma ya gani ya yaba. Malamin kuwa yawo yake da masu shanu, ya ƙetara wajen Chadi, ba wanda ya san garin da zai yi damina. Na kwana biyu ina tambaya a kasuwar shanu, na dawo gida da kadar ɗina.

A ƙarshen shekarar idon Baba ya fara hazo, ƙafa kuma ta riƙe shi, sai dai a fito da shi zaure a mayar. Duk wannan lokaci bai taɓa ta da maganar ba, har na ɗauka ba ta kai kunnensa ba. Wata rana bayan la'asar ina share shago, ya ce in ajiye tsintsiya in zo in zauna kusa da shi.

"An ce Sale ya zana uwarku."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"An ce kuma ka ƙone. Ban yarda ba. Ni na koya maka aiki, na san hannunka, ko guntun katako ba ka jefawa a wuta sai ka juya shi sau uku." Ya rage murya kamar mai tsoron a ji shi. "Isiyaku, shekara arba'in muna tare da matar nan, yau ina neman fuskarta a raina ba na samu. Muryarta kawai ta rage mini. Ɗauko shi in gani sau ɗaya tun idon nan bai rufe ba, sai ka mayar inda ka ɓoye. In laifi ne, nawa ne."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na faɗa masa duka, tun daga ƙarƙashin katifa har tagar jirgi. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi ƙusar da ke bangon samansa. Na jira faɗa, faɗa bai zo ba.

"Wata uku tana nan?"

"Wata uku, Baba."

"Ni kuma na rantse sai an tafi da ita."

Ya ja carbinsa. Can sai ya laluba ya dafa kafaɗata.

"To kai ai ka gani. Faɗa mini yadda ya yi ta. Wane kallabi ya ɗaura mata? Dariya take ko shiru?"

Gaskiyar ita ce kallo ɗaya na yi wa hoton ranar da Sale ya warware shi, tsoro da kuka suka rufe mini ido. Bayan haka kullum kife shi nake yi, ta baya na auna shi, ta baya na kwantar da shi, ta baya na rufe. Baba yana ta jira, fuskarsa a sake, kamar yaron da aka ce za a ba labari.

Na ce, "Baba, tsawonsa santimita sittin ne, faɗinsa arba'in da biyar."

Ya ɗauke hannunsa daga kafaɗata, ya ce in kira Asabe ta taimaka a mayar da shi ɗaki.